Tsofaffin mujallun Thor da mutanen da suka zana su

Tambaya: Ta finafinai na san Thor, kuma sunan Stan Lee nake gani a matsayin wanda ya ƙirƙire shi. Amma idan tsofaffin masoyansa suna hira, Jack Kirby da Walt Simonson suke ambata, har suna cewa wanda bai karanta mujallun zane na dā ba bai san Thor ba. Mene ne a cikin waɗannan mujallu, kuma daga ina ya kamata in fara?

Amsa: Malam, masu faɗin haka suna da hujja, ko da yake sukan yi ƙari kamar yadda masoya suka saba. Mujallar Thor ta shafe fiye da shekara 60 tana fitowa, kuma marubuta da masu zane da dama sun riƙe ta, amma zamani biyu ne ake komawa gare su idan ana maganar tsofaffin fitowa: zamanin Jack Kirby, daga 1964 zuwa 1970, da zamanin Walt Simonson, daga 1983 zuwa 1987. Abin da ya haɗa zamanin biyu shi ne cewa a kowannensu mai zanen ne ke gina labarin da fensirinsa, har ya zamana mai karatu yana iya rufe maganganun da ke shafi da hannu ya bi abin da ke faruwa. Idan ka gane wannan, ka gane dalilin da ya sa sunayen masu zane suka fi yawo a bakin masoya.

Sai dai kafin a kai ga Kirby, ya kamata a san cewa Thor ya riga kamfanin Marvel, mai buga mujallar, da ɗaruruwan shekaru. Abin bauta ne na mutanen arewacin Turai na dā, wato yankin Norway da Sweden da Denmark da Iceland, kafin Kiristanci ya shige su, kuma suna danganta tsawa da shi. Mafi yawan abin da aka sani a kansa ya fito ne daga littattafai biyu da aka rubuta a Iceland a ƙarni na 13, waɗanda ake kira Edda: ɗaya Snorri Sturluson ya rubuta shi a wajajen 1220, ɗayan kuma tarin tsofaffin waƙoƙi ne da aka kwafe a wajajen 1270. Mutanen Iceland sun karɓi Kiristanci tun wajajen shekarar 1000, saboda haka waɗanda suka rubuta labaran ma a matsayin tatsuniyoyin kakanni suka adana su, kuma a wannan matsayin muke maganarsu a nan. Thor na tatsuniya mai jan gemu ne, mai saurin fushi, mai ci da sha ba ƙaƙƙautawa, bunsuraye biyu ke jan kekensa. Gudumarsa tana da gajeren ƙota saboda wani ƙuda, wanda ake ɗauka Loki ne ya rikiɗe, ya yi ta cizon maƙerin yana tsakiyar zuga. Shi kuwa Loki a can aminin Odin, uban Thor, ne na rantsuwa, bai haɗa uba da Thor ba, kuma halinsa ya yi kusa da na Gizo a tatsuniyoyinmu, shi ke jawo rigima da wayonsa, shi ake tilasta wa ya warware ta.

Thor na Marvel ya fara fitowa a mujallar Journey into Mystery, fitowa ta 83, mai ɗauke da kwanan watan Agusta 1962, ana sayar da ita kan santi 12. A lokacin kamfanin da ke rarraba wa Marvel mujallu ya taƙaita musu adadin da za su fitar a wata, don haka idan sun yi sabon jarumi sai su cusa shi cikin tsohuwar mujallar labaran dodanni. Labarin kansa gajere ne. Wani likita Ba'amurke mai ɗingishi, Donald Blake, ya je hutu Norway, sai ya ci karo da wasu halittu na dutse da suka sauko daga duniyar Saturn. Ya gudu ya faɗa wani kogo, ya tsinci wata sanda, da ya buga ta a jikin dutse sai ta zama guduma shi kuma ya zama Thor. A jikin gudumar an rubuta cewa duk wanda ya riƙe ta, muddin ya cancanta, zai sami ƙarfin Thor. An kuma sa masa sharaɗi: idan gudumar ta bar hannunsa fiye da daƙiƙa 60, zai koma Blake.

Ba zan ɓoye maka ba, fitowar farko-farko ba su da wani armashi. Kirby ya zana 'yan kaɗan, aikin wasu mujallu ya ɗauke shi, wasu suka karɓa, aka yi ta haɗa Thor da 'yan kwaminis da 'yan daba da halittun wasu duniyoyi, a gefe kuma Blake yana ta nuƙu-nuƙun gaya wa ma'aikaciyar jinyarsa, Jane Foster, cewa yana son ta. Abin da ya tsira daga wannan lokaci shi ne Loki, wanda ya bayyana a fitowa ta 85.

A kan wanda ya ƙirƙire shi kuwa, sunaye uku ne a kan labarin farko. Stan Lee ya ce bayan ya yi Hulk, wanda ya fi kowane ɗan Adam ƙarfi, sai ya ga ba abin da zai fi shi sai abin bautar mutanen dā, kuma ya zaɓi na arewacin Turai saboda masu karatu sun riga sun saba da na Girkawa da Rumawa. Ƙanensa Larry Lieber ne ya rubuta maganganun labaran farko, shi ya sa wa likitan suna Donald Blake, shi ya ƙago kalmar uru a matsayin ƙarfen da aka ƙera gudumar da shi. Na ukun shi ne Kirby, kuma masu goyon bayansa suna da wata hujja mai nauyi: ya taɓa zana wani mugu da ya yi shigar Thor a 1942 tare da abokin aikinsa Joe Simon, sannan a 1957 ya zana wa kamfanin DC gajeren labari a kan gudumar Thor. Wato mutumin ya daɗe yana zagaya wannan tatsuniya kafin 1962. A ganina ba a iya tantance wanda ya fara furta sunan a ofis, kuma ba shi ne muhimmin abu ba, domin Thor da masoya ke ƙauna bai kankama ba sai bayan shekara biyu, kuma yadda aka gina shi a lokacin ba a ɓoye yake ba.

Tsarin aikin Marvel a shekarun 1960 shi ne mabuɗin fahimtar wannan gardama. Lee edita ne, yana kula da mujallu da yawa a lokaci guda, ba shi da sararin rubuta cikakken labari shafi bayan shafi. Sai su tattauna da mai zane a taƙaice, wani lokaci jumla biyu ko uku kawai, mai zanen ya tafi gida ya tsara labarin gaba ɗaya, ya yanke abin da zai faru a kowane shafi, ya zana, sannan ya kawo wa Lee ya cika bakin mutanen da magana. Da tafiya ta yi nisa, Kirby ya koma rubuta bayani da fensir a gefen takarda, yana gaya wa Lee wane ne wannan, me yake nufi, me ya kamata ya faɗa. Hotunan irin waɗannan shafuka sun wanzu, kuma mujallar masoya ta The Jack Kirby Collector, wadda aka fara a 1994, ta buga da yawa daga ciki. Wanda ya duba su zai ga inda Lee ya bi bayanin Kirby, ya kuma ga inda ya juya ma'anar zanen zuwa wata hanya dabam. Duk da haka, na tsawon shekaru a shafin farko sunan Lee ne a matsayin marubuci, na Kirby a matsayin mai zane kawai, kuma kuɗin shafin zane kaɗai ake biyan sa.

Juyin ya fara ne a fitowa ta 97, a Oktoba 1963, da wani ƙaramin sashe mai shafi biyar a bayan mujallar, mai suna Tales of Asgard, wato labaran Asgard, mazaunin Odin da Thor. A nan Kirby ya ajiye likita da asibiti da birnin New York, ya koma ga tatsuniyar kanta: basamuden ƙanƙara Ymir, saniyar da ta lashi ƙanƙara har kakan Odin ya fito, yaƙin Odin da basamuden wuta Surtur, ƙuruciyar Thor da Loki. A wannan sashe ne aka gabatar da mayaƙa uku abokan Thor, Fandral da Hogun da Volstagg, a fitowa ta 119, waɗanda babu su a Edda ko kaɗan. Volstagg ƙaton mutum ne mai tumbi, mai cika baki, wanda kullum yake samun uzurin tsayawa a baya idan an fara sara, amma sau da yawa nauyin jikinsa ke kawo nasara ba da niyyarsa ba. Daga fitowa ta 101 Kirby ya dawo kan babban labarin ma, ya riƙe shi kusan ba fashi har ta 179, kuma a hankali ƙaramin sashen ya rinjayi babban. A Maris 1966, a fitowa ta 126, aka sauke tsohon sunan mujallar aka sa mata Thor.

Asgard na Kirby bai yi kama da ƙauyen tsofaffin mayaƙan teku ba. Birni ne da ke shawagi a sararin samaniya, bakan gizo ne gadar da ke kaiwa gare shi, gine-ginensa rabi fada rabi inji, mayaƙansa suna hawan dawaki amma suna jan manyan bindigogi da ba wanda zai iya cewa ga yadda suke aiki. Odin kan sauya kwalkwali daga fitowa zuwa fitowa, kowanne ya fi na baya girma da rassa. Kirby ba ya bin ƙa'idar surar jiki yadda ake koyarwa a makaranta: yatsu masu kusurwa huɗu, gwiwa kamar tubali, ƙafafu a wawware fiye da yadda ƙashi zai yarda, hannu ya miƙo kamar zai fito daga takarda ya cafke ka. Ya kuma ƙago hanyar nuna ƙarfin da ba shi da siffa, ta cunkusa baƙaƙen ɗige-ɗige a kewayen walƙiya ko fashewa, abin da har yau ake kira da sunansa. Mutumin da aka haifa a 1917 a unguwar talakawa baƙin haure ta New York, ya tashi cikin faɗan titi, ya kuma yi yaƙin duniya na biyu a Faransa har sanyi ya kusa cinye masa ƙafafu, idan ya zana naushi kana jin nauyinsa, kuma idan ya zana rundunar da ke ja da baya kana ganin gajiya a kafaɗunsu.

Idan ana son misali ɗaya na abin da ake yabo, a ɗauki fitowa ta 126 zuwa ta 133. Thor ya yi faɗa da Hercules na tatsuniyar Girkawa, Odin ya rage masa rabin ƙarfi saboda fushin da yake yi da soyayyarsa da Jane, aka kayar da shi a bainar jama'a. Shi kuma Hercules, cikin alfahari, ya sa hannu a wata takarda da ya ɗauka ta fitowa a fim ce, ashe Pluto, mai mulkin ƙasar matattu, ne ya yi shigar mai shirya fim, takardar kuwa ta ɗaure shi ya gaji wannan mulki har abada. Ba wanda ya yarda ya yi yaƙi a madadinsa sai Thor ɗin da ya kunyata. Ana gama wannan sai aka gano cewa matar da Jane ke zaune da ita 'yar wata duniya ce da ta zo mallake tamu, abin da ya kai Thor can ƙuryar sararin samaniya, inda ya tarar da Ego, duniya sukutum mai rai, mai fuska da gemu. Shafin da ya fara nuna Ego, Kirby ya haɗa shi ne da yankakkun hotuna da ya manna. Duk wannan a cikin wata takwas ne, kowane labari yana haifar da na gaba, kuma a daidai lokacin yana zana mujallar Fantastic Four duk wata.

A fitowa ta 136 aka rufe babin Jane Foster: Odin ya ba ta dama ta zama 'yar Asgard, tsoro ya kayar da ita a jarrabawar, aka mayar da ita duniya an shafe mata tunanin Thor, aka kawo Sif, mayaƙiya mai baƙin gashi, ta maye gurbinta. A ta 154 zuwa ta 157, a 1968, aka yi labarin Mangog, dodon da ya tattara ƙiyayyar wata al'umma da Odin ya shafe, yana tunkarar Asgard don zare wani ƙaton takobi wanda zare shi ke kawo ƙarshen duniya, Odin kuwa yana cikin barcinsa na sabunta ƙarfi. A ta 159 aka bayyana cewa Donald Blake bai taɓa zama mutum na daban ba, Odin ne ya mayar da ɗansa gurgun likita ya mantar da shi asalinsa don ya koyi tawali'u. A nan zan faɗi aibin da masoya ba sa son a faɗa. Labaran wannan zamani sukan yi ta hauhawa har numfashi ya ɗauke, sannan a shafi biyu na ƙarshe Odin ya farka ya ɗaga hannu komai ya warware. Haka Mangog ya ƙare, kuma ba shi kaɗai ba.

Kada kuma a ɗauka Lee ɗan rakiya ne. Shi ya ba mutanen Asgard harshensu, wani tsohon Turanci mai kama da na wasannin Shakespeare, mai cike da kirari da rantsuwa, wanda ya dace da girman zanen, kuma ya san inda zai saka raha don kada abin ya yi nauyi. Shi ya sa sunayen masu zane da masu bin tawada da masu rubuta haruffa a shafin farko, ya yi musu laƙabi, har ya naɗa Kirby sarki. Shafin wasiƙun mujallar, mai suna The Hammer Strikes, ya zama dandalin da masu karatu ke gardama a kan inda Marvel ta saɓa wa tatsuniya, Lee yana ba su amsa da zolaya. Ba don wannan ba, da yaran wancan lokaci ba su ma san sunan Kirby ba balle su yi masa faɗa daga baya.

Wata gardamar da za ka yi ta ji ita ce ta Vince Colletta, wanda ya bi mafi yawan zanen Kirby na Thor da tawada. A wancan tsari mai zane da fensir yake aiki, wani ya bi layukan da baƙar tawada don injin buga littafi ya iya ɗauka. Colletta yana da siririn layi mai laushi, wanda wasu ke cewa ya ba Asgard kamannin tsohon littafin tatsuniya, musamman a gashi da fatun dabbobi da duwatsu. Amma an san shi da saurin aiki, kuma idan aka jera hoton fensir da shafin da aka buga, ana ganin inda ya goge mutane daga cikin taro, ko ya mayar da gini mai ado fili. Ni ina ganin laushin layinsa ya yi wa mujallar amfani a wasu wurare, sai dai hakan bai wanke shi daga gogewar ba.

Kirby ya bar Marvel a 1970, ransa a ɓace kan rashin suna da rashin kaso, ya koma DC. Abin sha'awa shi ne tun a sashen labaran Asgard na fitowa ta 127 da ta 128 ya zana annabcin Ragnarok, yaƙin ƙarshe da zai hallaka Asgard, ya rufe da cewa wasu sababbi za su taso daga tokar. Mujallar New Gods da ya fara wa DC a 1971 ta buɗe ne da mutuwar tsofaffin ababen bauta, wato ya ɗauki ci gaban labarin ya kai wa kishiyar Marvel. Rikicinsa da kamfanin bai tsaya nan ba. A shekarun 1980 an yi ta ja-in-ja kan mayar masa da ainihin takardun zanensa, masoya da abokan sana'a suka tsaya masa, a 1987 ya karɓi kimanin shafi 2,000 cikin fiye da 10,000 da ya zana. A wata hira da aka buga a 1990 ya ce Lee bai taɓa rubuta komai ba, maganar da ko masoyansa sun san ɓacin rai ne ya faɗe ta. Ya rasu a 1994. Magadansa sun shiga shari'a da Marvel daga 2009, aka sasanta a 2014 ana dab da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke ko za ta saurari ƙarar.

Shekarun 1970 na John Buscema ne a zane, kuma ya fi Kirby iya surar jikin mutum nesa ba kusa ba, amma mafi yawan labaran juya tsohon tuwo ne. Roy Thomas ya yi ƙoƙarin daidaita Thor na Marvel da na tatsuniya, aikin da ya kai ga fitowa ta 300 a 1980. Zuwa farkon shekarun 1980 ciniki ya ja baya.

A wannan hali edita Mark Gruenwald ya miƙa wa Walt Simonson mujallar, ya sakar masa mara ya rubuta ya kuma zana. Simonson, wanda aka haifa a 1946, ya karanci ilimin duwatsu kafin ya koma makarantar zane, ya taso da littafin tatsuniyoyin arewacin Turai a gidansu, kuma yana ɗalibi ya kamu da son Thor na Kirby. A bangon fitowarsa ta farko, ta 337, a Nuwamba 1983, wata halitta mai fuska kamar ƙwarangwal ɗin kan doki, sanye da kayan Thor, tana farfasa sunan mujallar da guduma. Simonson ya koma ne ga rubutun da ke jikin gudumar tun 1962 ya ɗauke shi da gaske: idan duk wanda ya cancanta zai iya ɗaga ta, to ina wanda ya cancanta? Ya kawo Beta Ray Bill, wanda ya yarda aka sauya masa halitta don ya tsare ragowar mutanensa da ke gudun hijira a sararin samaniya, ya kuma yi shi mummuna da gangan don mai karatu ya zaci mugu ne. Bill ya kayar da Thor sau biyu, a karo na biyu ya cece shi daga narkakken dutse maimakon ya bar shi ya mutu. Odin ya sa wadanni maƙera suka ƙera masa tasa gudumar, ya kuma kwashe sihirin rikiɗar Blake ya mayar kanta. Cikin fitowa huɗu an kawar da likitan da ya shekara 21 yana ɗaure wa labarin ƙafa.

Daga wannan fitowar ta farko, kusan kowane wata akwai shafi ko rabin shafi da ke nuna wani ƙaton maƙeri cikin duhu yana dukan ƙarfe, ƙarar dukan kuma an rubuta ta da manyan haruffa da kalmar Turanci mai nufin halaka. Ba a gaya maka ko wane ne ba. An shafe kusan shekara ana jin wannan duka kafin a gane Surtur ne ke ƙera takobin da zai ƙone Asgard, kuma wutar maƙerarsa ce ta tarwatsa duniyar su Bill. A nan dole a ambaci John Workman, mai rubuta haruffa, wanda ya mayar da ƙarar duka da tsawa wani ɓangare na zanen, haruffan suna ratsa shafi daga gefe zuwa gefe. Yaƙin ya ƙare a fitowa ta 353, inda Odin da Thor da Loki suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, Odin ya yi kirari da Asgard, Thor ya yi da duniyar mutane, Loki ya ce shi don kansa yake yi.

Shafukan da masoya suka fi ambata suna fitowa ta 362. Thor ya jagoranci runduna zuwa ƙasar matattu don kuɓutar da rayukan mutane da Hela, sarauniyar matattu a tatsuniyar arewacin Turai, ta tsare, kuma a hanyar dawowa dole wani ya tsaya a gadar Gjallerbru ya tare rundunar matattu har sauran su tsere. Thor ya ce shi zai tsaya. Sai Skurge ya buge shi ta baya ya sume. Skurge tsohon mugu ne tun 1964, ƙato mai gatari wanda matsafiya Enchantress ke ja da hanci tana yi masa dariya, kowa ma dariya yake yi masa in ban da Balder, abokin Thor. Ya karɓi bindigogin sojan Amurka da mayaƙan suka zo da su, ya tsaya shi kaɗai, ya yi harbi har harsashi ya ƙare, ya juya bindigar ya ci gaba da duka da gindinta. Simonson bai nuna faɗuwarsa ba, sai ya bar zanen yana dusashewa a hankali, bayanin da ke gefe yana cewa ba wanda ya ƙetare gadar. Mutumin da aka shekara 21 ana amfani da shi don jarumi ya sami wanda zai naɗa wa duka, a shafuka kaɗan aka ba shi mutuwar da ta fi ta jarumai da yawa.

Wata biyu bayan haka Loki ya mayar da Thor kwaɗo, ya faɗa wani tafki a babban lambun New York, ya jagoranci kwaɗi a yaƙinsu da ɓeraye, kuma an ba da labarin da cikakkiyar girmamawa kamar yaƙin Surtur. Wannan ya fi kusa da ruhin Edda fiye da yadda ake zato, domin a can ma akwai waƙar da aka yi wa Thor shigar amarya don ya ƙwato gudumarsa daga wani basamude. Daga fitowa ta 368 Sal Buscema, ƙanen John, ya karɓi zane, Simonson ya ci gaba da rubutu. Hela ta tsine wa Thor ƙasusuwansa su zama masu saurin karyewa, ba za su warke ba kuma ba zai mutu ba, har ya ƙera sulke don ya riƙe jikinsa. A haka ya fuskanci macijin da ya naɗe duniya a fitowa ta 380, wadda Simonson ya dawo ya tsara zanenta da kansa, kowane shafi hoto ɗaya tak, saboda macijin ya fi ƙarfin ƙananan gidajen zane. Thor ya kashe shi, ya yi taku tara ya faɗi, daidai yadda tsohuwar waƙar ta ce zai faru a yaƙin ƙarshe.

Finafinan da ka gani sun ɗebo daga duka biyun. Fim ɗin 2011 ya ɗauki korar Thor zuwa duniya don ya koyi tawali'u da sulken Destroyer daga zamanin Kirby, Malekith, mugun fim na biyu, na Simonson ne, na 2017 kuma ya kwaikwayi launuka da injinan Kirby a fili, ya kuma ɗauki tsayuwar Skurge da bindigogi, ko da yake bai ba ta shimfiɗar da ta sa ta yi nauyi a mujalla ba.

Shawarata ita ce ka fara da Simonson, daga ta 337 zuwa ta 382, domin labari ɗaya ne mai farko da ƙarshe, Turancinsa ya fi sauƙi, kuma ba ya bukatar ka san abin da ya gabata. Bayan nan ka koma ga Kirby, amma kada ka fara daga ta 83, ka karanta ta ita kaɗai don tarihi, ka tsallaka zuwa wajajen ta 114, inda labarai suka fara sarƙewa da juna, ka bi har ta 169, wadda ta ba da asalin Galactus, ƙaton da ke cinye duniyoyi. Na ƙarshe-ƙarshen zamaninsa an koma gajerun labarai masu ƙarewa a fitowa ɗaya, kuma ana ganin zuciyarsa ta riga ta bar wurin. Ainihin tsofaffin mujallun sun yi tsada, amma an sake buga su a manyan kundaye, kuma suna cikin manhajar Marvel Unlimited ga mai biyan kuɗin wata. Ka lura da abu ɗaya wajen zaɓen bugu: babban kundin Simonson na 2011 an sake masa launi da kwamfuta, da inuwa da ƙyalli da babu su a bugun asali, kuma masoya sun rabu a kai. Idan ka sami zaɓi, ka nemi mai launin asali, idan kuma a waya za ka karanta, ka sa ta nuna maka cikakken shafi maimakon gida-gida, musamman a fitowa ta 380.